Waiwaye da Leƙen Gaba a Rubutun Fim

Gabatarwa

Duk wanda ya saba kallon finafinan Hausa, musamman masu dogon zango waɗanda ake nunawa mako-mako, ya san wata fitowa wadda ba ta ɓacewa. Tauraruwa za ta zauna a bakin gado, ta yi tagumi, ta ƙura wa bango ido. Sai hoto ya dusashe, ya koma fari da baƙi, a sake nuna wa 'yan kallo rigimar da ta yi da mijinta, wadda suka riga suka gani da idonsu minti ashirin da suka wuce. In an gama, sai a dawo bakin gadon nan a tarar da ita yadda aka bar ta, sai dai hawaye ya ƙaru. Labari bai matsa ko taki ɗaya ba, amma an ci wa mai kallo minti uku.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai matafiyin da ya riƙa waiwaye a kowane taki, dare zai yi masa a hanya. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, duk lokacin da marubucin fim ya tsayar da labari ya koma baya, bashi ya ci daga 'yan kallo, kuma duk lokacin da ya leƙa gaba ya nuna abin da bai auku ba tukuna, alkawari ya ɗauka. Wanda ba shi da abin biyan bashin, ko ba zai iya cika alkawarin ba, gara ya bar labarinsa ya tafi a miƙe.

Abin da Ake Nufi da Kalmomin Biyu

Kowane labari yana da jeri iri biyu. Akwai jerin da abubuwa suka auku a rayuwar taurari, watau haihuwa kafin aure, aure kafin saki. Akwai kuma jerin da marubuci ya zaɓa ya gabatar da su. In jerin nan biyu sun saɓa, to, an sarrafa lokaci ke nan. Waiwaye shi ne a katse labarin da ake ciki a nuna abin da ya riga ya wuce. Leƙen gaba kuwa shi ne a katse shi a nuna abin da zai zo daga baya. Masanin adabin nan na Faransa, Gérard Genette, ya yi wa dabarun biyu cikakken nazari a 1972, ko da yake a kan ƙagaggen labari ya yi shi.

Ya kamata a bambanta leƙen gaba da mafarki ko zullumi. In saurayi ya lumshe ido ya ga ranar ɗaurin aurensa, buri ne aka nuna, yana iya tabbata, yana iya rushewa. Leƙen gaba na ainihi kuwa yanki ne na labarin kansa, wanda babu makawa sai an iso shi.

Kyamara Ba Ta da Shuɗaɗɗen Lokaci

Ɗalibin nahawun Hausa ya san cewa harshe yana da kayan aikin nuna lokaci a cikin jikinsa. Da mai magana ya ce "ya tafi", ko "yana tafiya", ko "zai tafi", mai sauraro ya san inda aka ajiye shi. Marubucin zube yana iya tsallake shekara talatin da 'yan kalmomi kamar "a zamanin da yake yaro", ya dawo da "to, yanzu kuwa", ba tare da mai karatu ya yi tuntuɓe ba.

Kyamara ba ta da wannan gata. Duk abin da ta nuna, a lokaci mai ci take nuna shi. Hoton mutum yana gudu hoton mutum yana gudu ne, ko jiya aka yi gudun ko baɗi za a yi shi. Saboda haka marubucin fim yana ɗauke da nauyi biyu waɗanda ba su kan marubucin littafi. Na farko, sai ya sanar da 'yan kallo cewa an sauya zamani. Na biyu, wanda ya fi nauyi, sai ya tuna cewa muddin ana nuna abin da ya wuce, labarin yanzu a tsaye yake cik, kamar motar da direba ya kashe a tsakiyar hanya ya sauka, fasinja suna zaune suna jira. Wannan jira shi ne bashin da aka ambata.

Gadon da ke Hannu

Kada a ɗauka cewa waiwaye baƙon abu ne wanda ya shigo tare da silima. Littattafan da suka fito daga gasar rubutu ta 1933, wadda Rupert East ya shirya a Zariya, sun riga sun yi amfani da shi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam ne yake zaune yana ba da labarin yawon da ya riga ya gama. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, malami ne dattijo yake ba almajiransa tarihin rayuwarsa bayan sun tambaye shi asalinsa. Watau kusan littafin gaba ɗaya waiwaye ne guda, an kewaye shi da zaman malami da ɗalibai. Adamu Halilu ya mai da wannan labari fim a 1976, kuma bayan an daɗe ba a ganinsa, an gyara shi an nuna a bikin finafinai na birnin Balin a 2018.

Abin lura a Shaihu Umar shi ne tsarin ya ba da amsar wata tambaya tun daga farko, ya bar wata a buɗe. Mai karatu ya san yaron da aka sace ba zai mutu a hanya ba, tun da ga shi nan da furfura yana koyarwa. Abin da ya rage masa ya sani shi ne yadda ɗan da aka raba da uwarsa, aka ƙetare hamada da shi zuwa Masar, ya zama wannan shaihi, da kuma ko uwar da ta bazama nemansa za ta gan shi. Tambayar almajirai ce ta buɗe ƙofar komawa baya, kuma abin da aka je aka ɗauko ya sauya yadda ake kallon dattijon. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata marubucin fim na yau ya riƙe, kuma a gida ya same shi.

Sharuɗɗa Uku na Waiwaye

Sharaɗi na farko shi ne ƙishirwa ta riga ruwa. Kada a koma baya sai 'yan kallo sun matsu su san abin da ya faru. Masu kallon finafinan Indiya a ƙasar Hausa sun san Sholay, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni a 1975, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta. Thakur, tsohon ɗan sanda, ya ɗauko ɓarayi biyu, Jai da Veeru, don su kamo masa ɗan fashi Gabbar Singh da rai. Ranar da 'yan fashi suka auka wa ƙauyen, mutanen nan biyu suka shiga tsaka mai wuya, ga bindiga a kusa da Thakur, amma bai ɗauka ba. Suka fusata, suka ce za su tafi. 'Yan kallo ma sun fusata tare da su. A nan ne marubutan suka koma baya, aka ga yadda Gabbar ya tsere daga kurkuku, ya karkashe iyalin Thakur, sa'an nan ya sare masa hannuwa biyu, waɗanda mayafinsa yake rufe gurbinsu tun farkon fim. Da an nuna wannan a minti goma na farko, da labari ne kawai na ban tausayi. Da aka jinkirta shi sai ya zama amsa, har mai kallo ya ji kunyar zargin da ya yi wa mutumin.

Sharaɗi na biyu shi ne waiwaye ya zama da mai shi. In an nuna tauraro yana tunani sa'an nan aka koma baya, to, abin da ya gani ko ya ji shi kaɗai ya halatta a nuna. Sau da yawa akan ga mace tana tuna wata ganawa da kishiyarta ta yi da boka a daji, alhali ba ta wurin, ba kuma wanda ya ba ta labari. Wannan kuskure ne na hankali, kuma 'yan kallo suna jin sa ko da ba su iya faɗar sunansa ba. A Citizen Kane na Orson Welles, na 1941, ɗan jarida ne yake bin sawun kalmar ƙarshe da wani attajiri ya furta kafin ya cika. Ya karanta abin da mariƙinsa ya rubuta, ya kuma zauna da manajansa, da tsohon amininsa, da matarsa ta biyu, da mai yi masa hidima. Kowane waiwaye yana ɗauke da launin wanda ya ba da shi, na mai ƙauna daban, na mai jin haushi daban.

Daga wannan sharaɗi ne maganar ƙarya take tasowa. Mutane sun yarda tauraro ya yi ƙarya da baki, amma abin da kyamara ta nuna suna ɗaukarsa gaskiya, domin gani ya kori ji. A 1950 Alfred Hitchcock ya buɗe fim ɗinsa Stage Fright da waiwayen da wani saurayi ya bayar, daga ƙarshe aka gano ƙarya ce ya shirya, shi ne mai kisan. Mutane da yawa suka ji an yaudare su, shi kansa Hitchcock daga baya ya ɗauki abin a matsayin kuskure. A wannan shekara kuma Akira Kurosawa na Japan ya fito da Rashomon, inda aka nuna kisa guda ta baki huɗu: ɗan fashi, da matar mamaci, da mamacin ta bakin mai bori, da mai saran itace. Labaran sun saɓa wa juna, amma ba wanda ya ji an cuce shi, domin tun daga farko an sanar da mai kallo cewa shaida ce ake bayarwa, aikinsa ne ya auna. Bambancin finafinan biyu yana ga amanar da aka riƙe wa 'yan kallo.

Sharaɗi na uku shi ne kada a dawo hannu rabbana. In an komo daga baya, dole wani abu ya sauya a yanzu: ko tauraro ya yanke shawara, ko 'yan kallo su sake fahimtar wani da suka yi wa gurguwar fahimta. A Casablanca na 1942 waiwaye ɗaya tak aka yi. Rick yana zaune cikin dare bayan an rufe gidan shaƙatawarsa, ran da Ilsa ta shigo da mijinta, sai ya tuna zamansu a Faris, da ranar da ya jira ta a tashar jirgin ƙasa cikin ruwan sama aka miƙo masa wasiƙa maimakonta. Ana dawowa sai ga ta ta shigo don ta yi bayani, shi kuwa ya yaɓa mata baƙar magana ta fita. Ba don waiwayen ba, da mai kallo ya ɗauke shi mara mutunci. Sa'an nan marubutan ba su zazzage buhun duka ba: dalilin da ya sa ta ƙi zuwa tashar sun ajiye shi sai can gaba.

Leƙen Gaba

Leƙen gaba ya fi waiwaye wuyar sarrafawa, shi ya sa ya fi ƙaranci. Mutum yana tuna jiya, saboda haka waiwaye yana da gurbi a cikin ɗabi'ar ɗan Adam. Gobe kuwa ba mai tuna ta. In an nuna ta, hannun marubuci ya fito fili, sai fa in akwai dalili a cikin labarin.

Ribar dabarar ita ce tana musanya wata tambaya da wata. Mai kallo ya daina tambayar me zai faru, ya koma tambayar ta yaya za a kai can, da kuma yaushe. Hitchcock ya taɓa yi wa François Truffaut bayani da misalin mutum biyu suna hira a tebur, akwai bam a ƙarƙashinsa. In 'yan kallo ba su sani ba, za su firgita na 'yan daƙiƙoƙi in ya tashi. In kuwa an nuna musu shi tun farko, duk tsawon hirar a kan ƙaya za su zauna. Sunset Boulevard na Billy Wilder, na 1950, ya fara da gawar wani marubucin fim tana yawo a kan ruwan wanka na wani katafaren gida, sa'an nan aka koma wata shida baya. Daga nan duk kyautar da tsohuwar tauraruwar gidan ta yi masa, mai kallo yana ganinta kamar taki ɗaya ne zuwa bakin ruwan nan.

Akwai kuma inda leƙen gaba yake ɓoye kansa. A Don't Look Now na Nicolas Roeg, na 1973, wani mutum a birnin Banis ya hangi matarsa sanye da baƙaƙen kaya a cikin jirgin ruwa, alhali ta tafi Ingila. Ya ɗauka ta dawo ne ba ta gaya masa ba, ya shiga nemanta. Sai a ƙarshe aka gane jana'izarsa ce ya hango. A Arrival na 2016, wanda Eric Heisserer ya rubuta daga gajeren labarin Ted Chiang, tauraruwar masaniyar harshe ce, kuma ana ta nuna ta da 'yarta wadda ciwo ya kashe. Kowa ya ɗauka waiwaye ne. Ashe yarinyar ba a ma haife ta ba tukuna: harshen baƙin halittun da take koyo ne ya buɗe mata ganin gaba. A nan dabarar ta zama ita ce jigon fim ɗin, domin tambayar da aka bar mai kallo da ita ita ce ko mutum zai karɓi farin cikin da ya san ƙarshensa baƙin ciki ne.

Amma fa alkawari kaya ne. Marubucin da ya buɗe fim da amarya tana gudu cikin dare da jini a hannunta, ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. In aka iso wurin aka tarar ashe kaza ta yanka, ko kuwa mafarki ne, mai kallo ba zai sake yarda da shi ba. Haka nan kuma in aka yi kashi arba'in ba a iso wurin ba, an manta da alkawarin, ya zama aikin banza.

Hujjar Masu Maimaici

Masu shirya finafinai suna da abin cewa, kuma ya kamata a saurare su. Suna cewa wasan da ake nunawa mako-mako yana bukatar tuni, domin mai kallo yana mantuwa, wani ma a tsakiya ya tsinci labarin. Suna kuma cewa kuɗi kaɗan ne, kuma hoton da aka riga aka ɗauka ba ya cin ko kwabo in an sake sa shi.

Hujja ta farko tana da magani: a tara tunin a farkon kashi, minti ɗaya ko biyu, kafin labari ya tashi. Wanda ya manta ya tuna, wanda bai manta ba ya san ba a cikin labarin ake ci masa lokaci ba. Hujja ta biyu kuwa, arha ce wadda ba ta ado. Tun daga Turmin Danya na 1990, wanda ake lissafawa a matsayin farkon finafinan bidiyo na Hausa na kasuwa, masu kallo sun yi shekara fiye da talatin suna gogewa. Wanda yake kallo a waya da kuɗin datarsa, yatsansa yana kan allo, da ya ga hoto ya dusashe zai tura gaba. In ya saba turawa, ran da aka sa waiwaye mai muhimmanci shi ma zai tsallake shi.

A ɗaya gefen kuma akwai masu koyar da rubutun fim da suke gargaɗin ɗalibi ya guji waiwaye ɗungurungum. Wannan ma ya yi tsauri. Mother India na Mehboob Khan, na 1957, wanda Hausawa suka daɗe suna ƙauna, kusan dukkansa waiwaye ne: tsohuwa Radha ce aka kira ta buɗe sabuwar hanyar ruwa ta ƙauye, ta tuna aurenta, da bashin da ya cinye gonarsu, da ɗan da ta harbe da hannunta. Laifin ba na dabarar ba ne, na mai riƙe da ita ne.

A Kan Takarda

Akwai 'yan ƙa'idoji da za su taimaki mai koyo. A kan kowace fitowa da ta bar zamanin labari, a rubuta wuri da shekara, a kuma rubuta a fili inda aka dawo, domin darakta da mai kwalliya da mai tace hoto duk da wannan takarda za su yi aiki. Tun da shafi ɗaya na rubutun fim kimanin minti ɗaya ne a allo, marubuci yana iya ƙirga tsawon jiran da ya ɗora wa mutane.

Sa'an nan a bar kayan zamani su yi magana maimakon dusashewar hoto. In an koma Kano ta 1970, fam da sule za a gani a hannun mai ciniki, domin sai a Janairun 1973 naira da kwabo suka fara aiki. Motoci kuma a hannun hagu suke tafiya, domin sai a Afrilun 1972 Nijeriya ta koma hannun dama. In an koma 1995, kada a ga wayar salula a hannun ɗan makaranta, domin sai a 2001 ta bazu. Irin waɗannan ƙananan abubuwa su ne lamirin lokaci na kyamara.

Gwaji na ƙarshe mai sauƙi ne. A zare waiwayen daga cikin rubutun a karanta abin da ya rage. In labarin ya tafi lafiya ba a ji giɓi ba, a bar shi a zare. In kuwa wata fitowa ta gaba ta rasa ma'ana, to, ya ci gurbinsa.

Kammalawa

Wannan magana ta shafi sassan nazarin Hausa kai tsaye, domin daga cikin ɗalibansu ne ake samun masu rubuta finafinai da masu sharhi a kansu. Ana koyar da zubi da tsari a kan littafi da wasan kwaikwayo na dandamali, ya kamata a faɗaɗa shi ya haɗa da rubutun fim, a ɗora Shaihu Umar na takarda kusa da na majigi a ga yadda kowanne ya bi da lokaci. Ɗalibin da ya yi wannan nazari, in ya zaunar da tauraruwarsa a bakin gado ta yi tagumi, zai tsaya ya tambayi kansa abin da za ta je ta ɗauko a baya, da abin da za ta yi da shi in ta dawo. In ba shi da amsa, sai ya tashe ta ta ci gaba da tafiya.